Hannun Da Ke Cikin Hoton

"Ƙofar baya ta ma'aikata ce, Hajiya. Layi yana gaba."

Raihana ba ta ɗago daga kan katunan da take rubutawa ba. Ba sai ta ɗago ba. Matar ta sa niƙabi, ta sa safar hannu, har murya ta shaƙe, amma turarenta ya riga ya tona ta. Shekara biyu rabon Raihana da wannan ƙamshin, tun ranar da mai shi ta shigo gidansu da mata huɗu suka fita da akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Kande ce. Mahaifiyar Ikrima.

"'Yar nan..."

"Raihana sunana."

"Na sani."

"Ai na ɗauka kin manta. Wancan karon wani suna kika kira ni da shi."

Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta leƙo daga bayan hijabin Hajiya, tafin hannu a kan baki. Hadiyya ce, jikar Hajiya, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Raihana ta san abin da ke ƙarƙashin hannun: leɓen sama a tsage har gindin hanci.

"An ce likitocin nan suna ɗinke irin wannan," Hajiya ta ce a hankali. "Ta daina zuwa Islamiyya. Yara suna tsokanarta."

"Waɗanne likitoci? Kiristocin? Waɗanda kika ce duk wanda ya kai musu ɗa ya sayar da imaninsa?"

"Ki rufa min asiri. Ki rubuta ta daga nan, kada mutane su gan ni."

"Rufin asiri..." Raihana ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. Sai yanzu ta ɗago. "Layi yana gaba, ƙarƙashin dalbejiya. Kuma da lasifika nake kira. Sunan yarinya, da sunan wanda ya kawo ta."

Hajiya ta daɗe a tsaye. Daga baya ta ja hannun jikarta ta zagaya.

Asibitin ƙarami ne, a kan hanyar Sandamu. Duk bayan shekara biyu wasu likitoci Kiristoci sukan taso daga ƙasarsu ta Turai, cocinsu ce ke haɗa musu magani da kayan aiki. Kwana goma suke yi suna yi wa yara aiki, masu tsagaggen leɓe da masu karkatacciyar ƙafa, su raba gidan sauro da takalma, su koma. Ba sa tambayar addinin kowa. Sai dai suna da al'ada ɗaya. Kowace safiya kafin su fara aiki sukan yi da'ira, su riƙe hannun juna, su sunkuya su yi addu'arsu.

A zuwansu na baya Raihana ce tafintarsu, Ikrima kuma direbansu. An sa wa su biyun ranar aure, saura wata ɗaya.

Ranar da baƙin za su tafi, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar nan da yara ke kira Kaka Hilda ta jawo Raihana cikin da'irar. Ta jawo Ikrima. Ta haɗa hannayensu tana dariya, wai ga amarya ga ango, a roƙa musu zaman lafiya. Baƙuwa ce. Tsohuwa ce. Ta baro ƙasarta don 'ya'yan wasu. Wa zai fizge hannu? Suka sunkuya don kunya. Raihana tana ta salati a zuci, tana jin zafin tafin hannunsa.

Ranar ya fara riƙe hannunta. Bai ƙara ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki hoto ya tura wa Ikrima a waya. Kwana uku da tafiyarsu hoton ya zagaye Daura, amma ba cikakke ba. An yanke shi. Raihana ce, kai a ƙasa, ido a rufe. A damanta Kaka Hilda da sarƙar gicciye a wuya. A hagunta hannun wani namiji mai baƙin agogo, babu fuska. A ƙasa an rubuta: 'Yar Malam Dabo ta bi su.

Dattawan unguwa suka cika zauren mahaifinta.

"Hannun wane ne?"

Daga bayan labule ta ce, "Na Yaya Ikrima ne. A kira shi."

Aka kira shi. Ya zo babu agogo. Ya durƙusa, ya dubi tabarma.

"Ni lokacin ina bayan asibiti ina wanke mota."

Shi ke nan.

Washegari aka kwashe lefe. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatun Malam Dabo. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana jan sallah a masallacin unguwa ya zo Azahar ya tarar da wani a gaba. Ya shiga sahun ƙarshe. Bai taɓa yi wa Raihana faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi bulala ciwo.

Ikrima kuwa aka sa masa rana da Murjanatu, 'yar ƙanen Hajiya da ta taso a gidansu. Yanzu saura sati uku.

Raihana ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kukan. Da baƙin suka dawo bana, ita ta fara zuwa karɓar aikinta.

"Raihana, 'yata."

Kaka Hilda ce ta shigo ɗakin kati, riƙe da wani abu a nannaɗe cikin takarda mai sheƙi. Hausarta ba ta wuce kalma talatin ba, amma ba ta jin kunyar amfani da su.

"Ina miji? Ina jariri? Jiya aiki, aiki, ban ba ki ba. Kyautar aure. Na makara."

Raihana ta warware takardar.

Hoton ne. An wanke shi babba, an sa shi a gilashi. Cikakke.

Ga ta. Ga Kaka Hilda. Ga hannun, ga baƙin agogon, ga hannun riga, ga kafaɗa. Ga fuskar Ikrima, hularsa ta ɗan karkace, bai ma rufe ido ba. Ita yake satar kallo, yana murmushi.

Murmushin ne ya fi ƙona ta.

"Ba ki so?" Kaka Hilda ta tambaya.

Raihana ta ba ta labarin da Turanci, a gajarce. Tsohuwar ta laluba kujera ta zauna. Idanunta suka cika.

"Ni na jawo miki. Ban sani ba... wallahi, kamar yadda kuke cewa, ban sani ba."

"A'a, Kaka. Ke hannu kika haɗa. Wasu ne suka yanke."

"Za ki iya yafe musu?"

"Addininku ya ce a yafe, namu ma ya ce. Zan yafe." Ta share gilashin da gefen mayafinta. "Amma ba yau ba."

"Me za ki yi da shi?"

"Ba don a rataye kika kawo ba?"

Ta zare ƙusar da ke riƙe da kalanda. Ta sa aka fitar mata da tebur ƙarƙashin dalbejiyar, inda mata da maza sama da ɗari suke zaune da 'ya'yansu, daga Daura, daga Sandamu, daga rugage. Ta buga ƙusar a jikin itacen da dutse, daidai saman kanta. Ta rataye hoton. Ta zauna.

Ba a yi minti biyar ba wayoyi suka fara ɗagawa.

"Ba hoton nan ba ne?"

"Shi ne. Kai, dubi mai agogon..."

"Ɗan Hajiya Kande fa. Wanda ya ce yana wanke mota."

"To da wane hannun ya wanke?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Raihana ta ɗauki lasifika.

"Hadiyya Mansur. Hajiya Kande ta bayan Kusugu ce ta kawo ta."

Ba wanda ya tashi. Ta sake faɗa, a hankali, harafi bayan harafi.

Mai niƙabi ta miƙe. Hanya ta buɗe mata da kanta. Ta iso gaban tebur, ta bi inda idanun mutane suke, ta ɗaga kai.

Ta daɗe tana kallo.

"Wannan haɗi ne," Hajiya ta ce. "Irin na waya."

"Na waya shi ne wanda kuka yaɗa, Hajiya. Wannan daga ƙasarsu ya zo, da gilashinsa. Ba ki gane hular ba? Ke kika ce min ta mahaifinsa ce."

Hajiya ta ɗaga niƙabin, iska ta gagare ta. Ta dafa tebur.

"Ya rantse min," ta ce. "Raihana, a ɗakina ya rantse min."

A nan Raihana ta gane matar ba ta sani ba. Ba ta ji tausayinta ba. Rashin sani bai hana ta tsayawa a tsakar gidansu tana kiranta da wancan suna ba.

Raihana ta jawo kati. Jerin sunaye a hannunta yake, yadda ta tsara haka likitoci ke bi. Yaran sun fi kwanakin yawa, dole wasu su jira zuwa na gaba. Layi ɗaya za ta rubuta, ba wanda zai tambaye ta.

Shekara biyu. Daidai abin da aka ci mata.

Biro ya tsaya a kan katin. Hajiya ta gani, ta gane, ba ta iya roƙo ba.

Sai Hadiyya ta cire hannu daga bakinta don ta nuna hoton.

"Kawu ne," ta ce, maganar tana fita ta hanci. Ta dubi Raihana. "Wannan ke ce. Kin yi kyau."

Ta tuna, ta yi sauri ta mayar da hannun.

Raihana ta cije leɓe. Ta rubuta: gobe da safe, ta farko.

"Kada ta ci komai bayan sallar Isha'i." Ta miƙa wa yarinyar katin, ba kakar ba. "Ba da ke nake ba, kin ji?"

Bayan Azahar ya zo. Ta ji tsayuwar babur ɗinsa a bayan ɗakin magani, ta san shi ne tun kafin ya yi sallama. Ya rame. Gemu ya fito masa. Zuciyarta ta buga irin bugun da, ta tsane ta don haka.

"Hasken idona..."

"Kada ka sake."

Ya haɗiye sauran.

"Tsoro na ji, Raihana."

"Ni ban ji ba?"

"Kin ga zauren ranar? Samari ne a waje, wasu da sanduna. Da na ce ni ne, cewa za su yi mu biyu muka bi su. Bakina ne ya riga ni."

"Shekara biyu bakin bai dawo ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya yanke hoton?"

"Murjanatu. A wayata ta ɗauka."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Cikakken fa?"

"Na goge."

"Kuma ita za ka aura."

"Sau huɗu ina ɗaga ranar. Wallahi ban taɓa..."

"Sannu da ƙoƙari."

Ya durƙusa a nan kan yashi, babban mutum, gaban ƙofar ɗakin magani.

"Ban yi barci mai daɗi ba tun ranar. Duk sanda na ga Malam a sahun baya sai in ji kamar ƙasa ta haɗiye ni. Ki faɗi abin da kike so."

"Ina agogon?"

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da shi. Ashe yana tare da shi. Ta kawar da kai da sauri.

"Ka ɗaura. La'asar, a masallacin da aka ture Baba. Ka faɗa a lasifika, yadda matan cikin gida za su ji. Har sunanta."

"Idan na yi, za ki..."

"Ba ciniki muke ba, Ikrima."

Ba ta ce Yaya ba. Ya ji.

Ta nemi izini ta koma gida da wuri. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da masallacin. Ta zauna kan turmi a tsakar gida, hannu a cinya, tana jira.

Aka idar da sallah. Lasifika ta yi ƙara, sai muryarsa.

"Jama'a, a ɗan dakata. Ni ne Ikrima ɗan marigayi Alhaji Sha'aban. Hannun da ke cikin hoton nan nawa ne. Ga agogon. Baƙuwa ce ta haɗa hannunmu don tana murnar aurenmu, kunya ta hana mu ƙi. Raihana ba ta bar addininta ba, ko na ƙiftawar ido. Murjanatu ce ta yanke hoton, na sani na yi shiru. Na yi wa dattawa ƙarya. Na yi wa mahaifiyata rantsuwar ƙarya. Malam... Malam, ka yafe min."

Muryar ta karye. Wani ya kashe lasifikar.

Unguwar ta yi tsit, har kukan akuyar maƙwabta ana ji.

Can gab da Magariba wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Kin ji daɗi?" Murjanatu ce, tana kuka. "Kin kashe min aure. Babana ya ce kada in sake taka ƙofar gida."

"Ni hoto kawai na rataye. Cikakke."

"Tun ina yarinya nake son shi. Ke daga sama kika faɗo."

"To ga shi nan. Ki tambaye shi ko zai tsaya miki a zaure."

Ta kashe.

Da Magariba ta yi, ta ji hayaniya kaɗan a masallaci, kamar ana lallashin wani. Sai aka tayar da iƙama. Sai kabbara.

Muryar Baba.

Ta ɗan dushe, ta tsufa, amma ita ce. Ya fara Fatiha. Raihana ta zame daga kan turmin ta zauna a ƙasa. Kukan da ta ajiye shekara biyu ya zo gaba ɗaya, ta toshe baki da mayafi don kada ya katse masa karatu.

Ranar da baƙin za su tafi suka yi da'irarsu. Kaka Hilda ba ta jawo kowa ba. Ta dai dubi Raihana da ke tsaye gefe, ta ɗora hannu a ƙirji. Raihana ta mayar mata. Hadiyya tana ta zagaya dalbejiya da filasta a leɓe, hannayenta biyu a sake, tana nuna wa duk wanda ya tsaya.

Da hantsin washegari akwatunan suka dawo. Matan nan huɗu ne dai, kowacce kai a ƙasa. Hajiya Kande ta zauna a bakin tabarma, ba a tsakiya ba.

"Na zo da bakin da na ɓata ki da shi," ta ce. "Ki yafe min, 'yata. Ki dawo min da ɗana, ya zama kamar gawa."

Malam Dabo ya leƙo daga zaure.

"Raihana, yaron yana nan. Ni na yafe masa nawa. Naki a hannunki yake, ba zan ce miki komai ba."

Ta shiga ɗaki. Ta ɓalle bayan gilashin ta zaro hoton. Ta ɗauki almakashi.

Yana durƙushe a zaure, inda ya durƙusa wancan karon. Agogon a hannunsa. Ya ɗago, idanunsa jajur.

"Na yi abin da kika ce."

"Ka yi."

"Har yanzu kina so na. Kada ki ce a'a, ina gani."

"Ban ce a'a ba." Muryarta ta yi laushi, karo na farko. "Ina son ka, Ikrima. Ko jiya na yi mafarkinka. Na kuma yafe maka, don Allah da Annabi."

Ya sauke numfashi, fuskarsa ta fara washewa.

"Amma in na aure ka, duk ranar da aka buga mana ƙofa da ƙarfi, kai zan fara kallo. In ga ko za ka cire agogo."

"Ba zan ƙara ba. Na rantse..."

"Ka rantse wa Hajiya ma."

Ta ɗaga hoton. Ta sa almakashi daga ƙasa, ta bi tsakaninsu a hankali. Da ta zo inda hannayen suka haɗu ta tsaya. Babu hanyar raba su ba tare da an ɓata ɗaya ba.

Ta bi ta wuyan hannunta ta yanke.

Ta miƙa masa rabinsa. Ya karɓa da hannu biyu, yana kallo. Ga shi yana murmushi, yana satar kallon inda babu kowa. A tafinsa, yatsun mace masu jan lalle.

"Hannunki ne a ciki," ya ce.

"Na ranar ne. Ka riƙe."

"Raihana..."

"Shi kaɗai ka samu."

Ta juya ta shiga gida. Matan suka dube ta, suka dubi almakashin, ba wadda ta yi tambaya. Suka sunkuya suka ɗauki akwatunan.

Wancan karon a ɗaki ta ɓuya.

Yau ita ta ɗaga musu labule.